Ƙishirwa a Bakin Rijiya

A Salento, inda jar ƙasa ke gangarawa teku,
zaitun ɗin Oronzo ya fara mutuwa ta sama.
Reshe ɗaya ne farko, na wajen gabas,
ganyensa ya yi ja kamar wuta ta gifta,
ya bushe ƙayau, amma ya ƙi zuba.

Oronzo ya ce fari ne.
Ya yi lodin jarka takwas a tsohuwar motarsa,
ya kwarara a gindi har ƙasa ta ƙoshi ta mayar.
Kafin sati ya zagayo
reshe na biyu ya bi ɗan'uwansa.

Sai ga Nunziya, malamar gona daga birnin Lecce,
da 'yar wuƙa a aljihu, da laka a takalma.
Ta yanki reshe a karkace, ta kai masa dab da ido:
"Ka ga inda ya yi duhu ƙarƙashin ɓawo?
Nan hanyar ruwa take.
Bututu ne dubu bisa dubu, kowanne ya fi gashi siranta,
tun daga saiwa har bakin ganye.
Itace ba shi da zuciya mai harbawa, baba.
Ganye ne ke buɗe 'yan ƙofofinsa ga rana,
ruwa ya fice tururi,
na ƙasa ya biyo sawu, ɗigo riƙe da ɗigo,
kamar guga mai hawa ba dare ba rana."

"To wa ya tsinke igiyar?"

Ta durƙusa cikin ciyawa, ta nuna wata kumfa
kamar wani ya wuce ya tofar da yawu.
A ciki, ƙwaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba.
"Wannan ɗan aike ne kawai.
In ya yi fiffike ya tsotsi majinyaci, ya tsotsi lafiyayye,
bakinsa ɗauke da abin da ido ba ya gani.
Cutar ta sauka a bututu, ta hayayyafa,
ta yi yauƙi, ta yi kauri, ta tare hanya.
Shi kuma itacen, da ya ji baƙo a gida,
sai ya bi ƙofofinsa yana liƙewa da ƙaro.
Garin tsare gida ya kulle kansa."

Oronzo ya yi shiru.
Ya dafa kututturen da mutum uku ba sa rungumewa,
mai kogon da ya ɓuya a ciki yana yaro
ranar da ya fasa tulun man kakarsa.
A inuwar nan Addolorata ta yanka masa burodi
shekara arba'in da ɗaya,
tana ɗiga man bara a kai, tana mitar gishiri.
Ita ma da ta zo tafiya,
ruwa na gefen gadonta, maƙogwaro ya ƙi karɓa.

Gonar maƙwabci an riga an shafa mata jan fenti.
Da hantsi zarto ke kuka,
da yamma hayaƙi mai ƙanshin mai ya rufe ƙauye.

Shi dai bai jira fenti ba.
Da sanyi ya ja baya, ya sare rassan da hannunsa,
ya bar kututture tsirara kamar dungulmi.
Nunziya ta kawo 'yan tsirrai na wani iri
wanda aka ce yana jure cutar.
Ya tsaga ɓawo, ya cusa, kore ya haɗu da kore,
ya ɗaure auren da zare, ya shafe da kaki.
Goma sha biyu ya ɗaura. Hannunsa na rawa.

"Zai kama?"
"Wani yana kamawa," in ji ta. Ba ta ƙara ba.

Yanzu kullum da asuba yana zuwa da tabarau,
ya bi su ɗaya-ɗaya yana leƙe.
Tara sun yi baƙi.
Biyu ba su ce komai ba tukuna.
Ɗaya, na wajen gabas,
ya turo ganye biyu, ƙanana kamar kunnen ɓera,
bayansu fari, cikinsu jiƙe.

Ruwa ya hau.
Oronzo bai gaya wa kowa ba,
kada baki ya riga shi girma.